Almakashin da ƙwayar korona take ara a jikinmu, da abin da ya hana toshe shi ya zama magani

Wani matashi da ke aikin ba da magani a wani kemis a Daura ya aiko da wannan tambaya: "Ranka ya daɗe, na karanta cewa ƙwayar korona ba ta iya shiga jikin mutum sai wasu sinadaran jikinmu da ake kira inzayim sun taimaka mata. Idan haka ne, me ya hana a yi maganin da zai tsayar da su kowa ya huta? Sannan mahaifina yana shan lisinofiril saboda hawan jini, kuma an ce maganin yana da alaƙa da ACE2, ƙofar da cutar take bi. Ya ci gaba da sha ko ya dakata?"

Ƙanena, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Zan fara da tasa domin ita ce mai gaggawa: ya ci gaba da shan maganinsa yadda likita ya rubuta masa, dalilin kuwa zai fito a ƙarshen bayanin nan. Tambayarka ta farko ita ce mai tsawo, kuma abin da ka karanta gaskiya ne, har ma masana da dama sun yi irin tunaninka tun a farkon shekarar 2020, sun gwada shi a kan majinyata, sakamakon bai zo yadda aka zata ba.

Inzayim furotin ne da jiki yake ƙerawa domin ya gaggauta wani aiki guda, kamar wanda yake cikin yawu, wanda ke sa idan ka daɗe kana tauna lomar tuwo ka fara jin ɗan zaƙi saboda ya soma mayar da sitaci sukari. Daga cikinsu akwai rukunin da aikinsu yanka wasu furotin a wani gurbi ƙayyadadde, su ne zan riƙa kira almakashi. Jiki yakan ƙera furotin da yawa a ɗaure, ba sa aiki sai an tsinke musu wani zare, kamar yadda tela yake ɗinke bakin aljihun sabuwar riga sai mai ita ya farke. Ƙwayar korona kuwa matafiyiya ce marar kaya: rubutun halittarta bai wuce harafi kusan 30,000 ba, kuma ko da yake tana da almakashi biyu nata na kanta, ba sa fara aiki sai ta riga ta shiga cikin ƙwayar halittar jiki, wadda zan riƙa kira sel. Wanda zai buɗe mata hanya tun daga waje dole ya zama namu. Da ɗan gari kan ci gari.

Abin da take fara yi shi ne kama wani abu a fatar sel da ƙayoyin nan da suka kewaye ta, waɗanda suka sa aka yi mata laƙabi da kambi. Kowace ƙaya sarƙoƙi uku ne a murɗe, kowace sarƙa tana da amino asid, wato tubalan da ake gina furotin da su, guda 1,273. Abin da take kamawa shi ne ACE2, wanda aka gano a shekarar 2000, aka kuma tabbatar a 2003 cewa shi ne ƙwayar SARS, wata korona da ta riga wannan zuwa, take bi. Shi kansa ACE2 inzayim ne, aikinsa rage ƙarfin wani sinadari mai matse jijiyoyin jini, amma ƙwayar ba ruwanta da wannan aiki, marikin ƙofa kawai ta ɗauke shi. An gwada toshe bakin da yake yanka da shi, ƙwayar SARS ta ci gaba da shiga, domin wurin da take riƙewa yana can gefe. Haka abin yake ga 'yan uwanta. Ƙwayar MERS, wadda ta ɓulla a Saudiyya a 2012, tana kama wani inzayim mai suna DPP4, wanda shi ne maganin ciwon sukari sitagiliftin yake toshewa, amma sitagiliftin ba ya hana ta shiga. Wannan ƙwaya ba baƙuwa ba ce a wurinmu, tunda an same ta a raƙuman mayankar Kano a binciken 2015, kuma kai da ke kusa da kasuwar Mai'aduwa ka san yadda raƙuma suke ratsowa daga arewa. Wata kuma daga cikin ƙwayoyin korona huɗu da ke kawo mura ta yau da kullum, 229E, tana kama wani inzayim na uku. Saboda haka idan ka ji an ce inzayim ɗin jiki suna taimaka wa korona, ka raba zancen gida biyu: akwai waɗanda ake riƙewa, akwai masu yanka. Masu yankan ne ake fatan toshewa da magani.

Ƙayar tana kama da ɗanannen tarko mai sakata biyu. A cikinta akwai wani tsinke a naɗe, wanda idan ya saki zai miƙe ya soki tantanin sel, sannan ya lanƙwaso ya jawo tantanin ƙwayar ya haɗe shi da na sel, har su narke su zama ɗaya, rubutun halittar ƙwayar ya zube ciki. Tarkon ba ya fyaɗuwa sai an yanke sakatun nan biyu bi da bi. Ta farko wani almakashi mai suna fiyurin ne yake yanke ta, kuma yana yin haka ne tun ƙwayar tana cikin sel ɗin da ya haife ta, a sashen da ake kammala furotin kafin a fitar da su. Wato ƙwayar da ta fito cikin tarin majinyaci ta riga ta fito da sakata ɗaya a cire. Ƙwayar SARS ta 2003 ba ta da wannan gurbi na fiyurin, ta 2019 tana da shi, kuma da aka cire shi a ɗakin gwaji sai ta kasa yaɗuwa tsakanin dabbobin da aka gwada. Nau'in Delta kuwa ya canza amino asid ɗaya a lamba ta 681, dab da gurbin, yankan ya ƙara sauƙi. Masu kiwon kaji za su gane wannan da wuri, domin abin da ya sa murar tsuntsaye ta H5N1, wadda aka fara tabbatar da ita a nahiyar Afirka a jihar Kaduna cikin Fabrairun 2006, take kashe kaji ɗaki guda shi ne irin wannan gurbi: fiyurin yana kusan kowane sel, don haka ƙwayar ba ta tsaya a hanyar numfashi ba, sai ta bi jikin kazar duka.

Sakata ta biyu ita ce inda gizo yake saƙar. Idan sel ɗin da aka kama yana da almakashin da ake kira TMPRSS2 a fatarsa, kamar yadda sel ɗin hanci da maƙogwaro da huhu suke da shi, to a nan bakin ƙofa ake yanke ta, ƙwayar ta shige cikin ɗan lokaci. Idan babu shi, sel ɗin yakan haɗiye ƙwayar cikin wata 'yar jaka, jakar ta yi ta ƙara tsami tana nutsawa ciki, har tsamin ya kai inda wani almakashi mai suna katefsin L zai farka ya yi yankan. Hanya biyu ke nan zuwa wuri ɗaya. Wanda ya rufe Ƙofar Ƙaura ya koma gida ya kwanta bai tsare Katsina ba muddin Ƙofar Guga tana buɗe, kuma wanda ya rufe ƙofar da baƙon ba ya ma bi ya fi shi asara.

Wannan na biyun shi ne labarin kulorokwin, kuma zan daɗe a kansa domin a gabanka aka yi. Ka tuna watan Maris na 2020, lokacin da shugaban Amurka na wancan zamani ya yabi maganin, mutane suka yi wa kemis-kemis tsinke, farashi ya tashi, har hukumomin lafiya a Legas suka ba da sanarwar an kwantar da waɗanda suka sha fiye da kima. Mu nan da muka girma da ɗacinsa da ƙaiƙayinsa, muka kuma ga an sauke shi daga matsayin maganin farko na zazzaɓin cizon sauro tun 2005, sai ga shi ya dawo da sabon suna. Zancen ba daga iska ya faɗo ba. Kulorokwin yana taruwa a cikin jakar nan yana kashe tsaminta, katefsin L ya kasa farkawa, ƙwayar ta maƙale a ciki, kuma an ga haka da ido a ɗakin gwaji.

Yadda ake ganin nan yana da muhimmanci. Ana ɗaukar wani farantin roba mai girman tafin hannu, mai gurabu 96 a jere kamar gurabun dara, a shimfiɗa sel a gindin kowane gurbi, a zuba musu ruwan abinci ja-ja, a sa magani a wasu a bar wasu, sannan a ɗiga ƙwayar cutar. Bayan kwana biyu ko uku sai a zubar da ruwan a rina farantin da shuni. Gurbin da sel suka rayu yakan kama rini ya yi shuɗi, wanda ƙwayar ta cinye kuma ya fito fari fat, kana ɗaga farantin sama wajen haske ka ga sakamako tun kafin na'ura ta ƙirga. Duk wanda ya taɓa ganin layin shuɗi a gefen layin fari ya san irin daɗin da yake sa wa zuciya, ya kuma san yadda yake saurin mantar da mutum tambayar da ta fi kowace muhimmanci, wato sel ɗin wace dabba ne, kuma daga wace gaɓa. Waɗanda aka fi amfani da su, masu suna Vero, daga ƙodar wani biri na Afirka aka samo su a Japan a 1962, ana son su domin ƙwayoyin cuta suna bunƙasa a cikinsu, amma kusan ba su da TMPRSS2. Ƙofa ɗaya ce gare su, kulorokwin ya rufe ta, gurbi ya yi shuɗi. A watan Yulin 2020 masu bincike a Gotinjin ta ƙasar Jamus suka maimaita gwajin a kan sel da aka samo daga huhun mutum, kulorokwin bai hana komai ba, domin ƙwayar ba ta ma shiga jakar ba. Babban gwajin Birtaniya mai suna RECOVERY ya riga ya nuna haka a jikin majinyata: cikin mutum 1,561 da aka ba ɗan uwansa haidiroksikulorokwin kashi 27 cikin ɗari sun rasu a kwana 28, cikin 3,155 da ba a ba su ba kuwa kashi 25.

To, sai a rufe ɗaya ƙofar mana. Wannan ma an yi, kuma a nan ne na fi sa rai a lokacin. Waɗancan masu bincike na Jamus sun nuna tun a watan Maris na 2020 cewa kamostat, maganin da aka daɗe ana ba masu kumburin gaɓar ciki mai fitar da insulin a Japan tun 1985, yana toshe TMPRSS2 kuma yana hana ƙwayar shiga sel ɗin huhu. Magani ne da ake haɗiya, an san illolinsa, ba shi da tsada. A Denmak da Suwidin aka yi gwajinsa da majinyata 205 da ke kwance, ana ba kashi biyu cikin uku nasu miligiram 200 sau uku a yini har kwana biyar, bai rage musu kwanakin jinya ba, bai rage shiga ɗakin kulawa ta musamman ko mutuwa ba. Gwaje-gwajen da suka biyo baya a kan waɗanda ba a kwantar ba su ma ba su nuna amfanin a-zo-a-gani ba. Ɗan uwansa nafamostat ya fi shi ƙarfi a faranti, amma sai ta jijiya ake ba da shi, yana tsinka jini, yana kuma iya ɗaga sinadarin fotasiyam.

A ganina rashin nasarar kamostat bai rushe tunanin ba, ya dai nuna inda yake da rauni. Kamostat yana shiga jini sai wasu inzayim na jiki su farfasa shi cikin ɗan lokaci, abin da ya rage kuma bai kai shi ƙarfi ba, alhali almakashin da ake son toshewa yana can a fuskar sel da ke kallon iska, ƙarƙashin majina, inda maganin da ya biyo jini ba ya isa da yawa. Sannan akwai lokaci. Ƙwayar tana kai ƙololuwar yawanta a hanci da maƙogwaro ne a daidai lokacin da alamu suke fara bayyana, kuma wanda numfashi ya gagara a mako na biyu galibi garkuwar jikinsa ce ta wuce gona da iri take ƙona huhun. Ba wa irin wannan majinyaci maganin hana shiga ihu ne bayan hari. Kai ka fi ni sanin cewa a wurinmu mutum yakan yi kwana uku yana shan farasitamol da maganin zazzaɓin cizon sauro, ya ƙara biyu yana sirace, kafin a yi maganar asibiti, don haka maganin da ƙarfinsa yake a kwana biyun farko yana buƙatar gwaji mai sauƙi a kusa da gida kafin ya amfani kowa. Ga kuma ita ƙwayar, wadda idan an rufe mata fatar sel tana iya komawa ta jaka, ko ta ari wasu almakasan dangin TMPRSS2. Shi ya sa a faranti sai an haɗa mai toshe wannan da mai toshe katefsin ake samun rufewa sosai.

Akwai kuma abin da tambayarka ta tsallake, wato su waɗannan almakasai ba don korona aka halitta su ba. Fiyurin shi yake kammala furotin masu yawa da jiki ba ya rayuwa sai da su, daga mai karɓar insulin zuwa wasu na daskarewar jini, kuma ɓeran da aka cire wa shi gaba ɗaya yakan mutu tun yana ciki, wajen kwana na goma sha ɗaya. Toshe shi a jiki duka abu ne da ba a yi wa garaje. TMPRSS2 ya sha bamban, domin ɓerayen da aka haifa babu shi sun girma lafiya sun hayayyafa, kuma da aka sa musu wasu ƙwayoyin mura ko korona sun fi sauran tsira, tunda tun 2006 aka san cewa ƙwayar mura ma shi take ara. Wannan ne ya sa har yau nake ganin shi ne gurbin da ya fi dacewa a nema: jiki yana iya haƙura da shi na ɗan lokaci, ƙwayoyin cuta fiye da ɗaya kuma suna dogara da shi. Da yake sinadarin mazakuta ne yake ƙara yawansa a ƙullin mafitsarar maza, an gwada magungunan sankarar wannan gaɓa a Suwidin da Amurka da fatan su rage shi a huhu, ba a ga amfani ba. Wanda ya fi ba da fata shi ne wani sinadari mai lamba N-0385, da masu bincike a Kanada da Amurka suka bayyana a 2022, wanda aka ɗiga wa ɓeraye ta hanci ya kare su. Hikimarsa ita ce an kai maganin inda almakashin yake, amma ɓera ne aka kare, kuma bayan darasin Vero ban ƙara saurin murna ba. Haka nan idan wani ya zo kantinku yana neman maganin tari mai biromhekzin da sunan yana toshe TMPRSS2, ka sani cewa da aka gwada shi kai tsaye a kan tsantsar inzayim ɗin bai toshe shi ba.

Hujjar da ake yawan kafawa ita ce ƙwayar cuta tana sauya kanta ta kuɓuce wa maganin da aka yi domin ta, amma ba ta da ikon sauya inzayim ɗinmu. Rabin gaskiya ce. Ba ta sauya namu, amma tana sauya wanda take ara. Nau'in Omikiron, da aka fara bayyanawa daga kudancin Afirka a watan Nuwamban 2021, ya rage dogara da TMPRSS2 a faranti ya karkata ga hanyar jaka, ana kuma ganin hakan yana cikin dalilan da suka sa ya fi zama a hanci da maƙogwaro fiye da can cikin huhu. Duk da haka gwajin ɓeraye ya nuna cewa a jiki mai rai bai rabu da TMPRSS2 ba. Hanyar kuma ba mafarki ba ce, domin a cutar ƙanjamau akwai marabirok, wanda aka amince da shi a 2007, yana toshe wani marikin ƙofa na jikinmu ne, kuma shi ma ba ya aiki a kan nau'in ƙwayar da ta koma wani marikin.

Magungunan da suka yi nasara a kan korona ta wata hanya suka zo. Paxlovid, wanda aka fara ba da izininsa a Amurka a watan Disamban 2021, yana toshe babban almakashin ita ƙwayar ne, wanda ba mu da irinsa, kuma a gwajinsa na farko ya rage kwanciya asibiti ko mutuwa da kusan kashi 89 cikin ɗari ga masu haɗari da ba su yi rigakafi ba, idan an fara shi da wuri. Barisitinib yana toshe inzayim na jikinmu, kuma ya rage mutuwa, amma abin da yake kwantarwa shi ne kumburin mako na biyu, kamar yadda dekzametazon yake yi. Wani abin lura a nan shi ne a cikin kwalin Paxlovid akwai ƙwayar magani ta biyu, ritonabir, wadda ba ta taɓa korona ko kaɗan, aikinta toshe wani inzayim na hanta mai suna CYP3A4 domin kada ya farfasa ƙwaya ta farko da wuri. Wato mun iya toshe inzayim ɗin jiki, sai dai kowane toshewa yana da kuɗinsa, kuma kuɗin wannan a kan teburinka zai faɗo: hanta da wannan inzayim take sarrafa simbastatin da amlodifin, don haka na farkon ba a haɗa shi da Paxlovid, na biyun kuma yakan buƙaci likita ya rage shi, sannan rifamfisin na tarin fuka da kabamazefin na farfaɗiya suna kashe ƙarfin maganin gaba ɗaya.

Maganin Baba kuwa ACE yake toshewa, ba ACE2 ba. Sunayensu sun yi kama, tsarinsu ma haka, amma aikinsu kishiyar juna ne: na farko yana ƙera sinadarin da ke matse jijiya, na biyu yana rage shi, kuma lisinofiril ba ya kama na biyun. Fargabar da ta yaɗu a 2020 ta samo asali ne daga tsofaffin gwaje-gwajen ɓeraye da suka nuna irin waɗannan magunguna suna iya ƙara yawan ACE2. An bi zancen a kan mutane. A Barazil an raba majinyatan korona 659 masu shan wannan rukuni gida biyu, wasu suka dakata na kwana 30 wasu suka ci gaba, ba a ga ribar dakatawa ba. Hawan jinin da aka sake shi kuwa an san abin da yake haifarwa, daga shanyewar ɓarin jiki zuwa lalacewar ƙoda. Lisinofiril ba ya ma bi ta wancan inzayim na hanta, ƙoda ce take fitar da shi yadda ya shiga, don haka ba ya cikin masu karo da ritonabir. Inda za ka sa ido shi ne ranar da zazzaɓi ya zo wa Baba da amai ko gudawa, ya kasa shan ruwa, fitsari ya ragu ko jiri ya riƙa ɗibarsa idan ya miƙe. A irin wannan hali ka auna jininsa, ka kai shi asibiti da kwalin maganin a hannunka, likita zai iya tsayar da shi na 'yan kwanaki domin ƙodarsa, ya mayar da shi idan ruwan jiki ya dawo.